Mary McLeod Bethune: Matar da Ta Gina Makaranta a Kan Juji

Yau za mu haye teku zuwa ƙasar Amurka mu duba rayuwar wata baiwar Allah, baƙar fata, wadda ta rasu tun shekarar 1955. Sunanta Mary McLeod Bethune. Ta buɗe makaranta da dala 1 da rabi a hannunta, ta yi shekara 50 tana neman kuɗi domin 'ya'yan talakawa, har ta kai ga ba shugaban ƙasa shawara. Duk da haka gidanta na ainihi bai tashi daga harabar makarantar nan ba, a unguwar baƙar fata ta garin Daytona, can kuma aka binne ta. Duk wanda aka taɓa ɗora wa neman kuɗin ginin majami'a ko na makaranta, ko aka taɓa aikensa ofishin gwamnati ya yi magana a madadin jama'a, zai tsinci wani abu nasa a cikin labarinta.

Ƙuruciya a gonar auduga

An haife ta ran 10 ga Yuli, 1875, kusa da wani ƙaramin gari mai suna Mayesville a jihar Carolina ta Kudu. Iyayenta, Samuel da Patsy McLeod, bayi ne a dā. Shekara 10 ke nan kacal da soke bauta a Amurka sa'ad da aka haife ta. Ita ce ta 15 cikin 'ya'ya 17, yawancin yayyenta kuwa cikin bauta aka haife su. Iyayen sun yi ta fama har suka sayi 'yar gona tasu, suna noman auduga, uwar kuma tana yi wa Turawa wanki. Tun tana ƙarama Mary take bin iyayenta gona.

Ita da kanta ta sha ba da labarin ranar da ta raka uwarta kai wanki wani gida. Ta ga littafi ta ɗauka, sai wata 'yar gidan ta karɓe, ta tuna mata cewa irinta ba su iya karatu ba. Wannan magana ta zauna mata a rai. Ba a daɗe ba 'yan mishan na ikkilisiyar Presbiteriyan suka buɗe makaranta domin 'ya'yan 'yantattun bayi, aka sa wata malama baƙar fata, Emma Wilson, ta riƙe ta. Iyalin ba su da halin sakin yara da yawa daga gona, sai aka zaɓi Mary ita kaɗai. Kullum takan taka mil 5 zuwa makaranta, da yamma kuma ta koya wa 'yan gidansu abin da ta samo. Ba da jimawa ba ita ce mai karanta wa iyayenta Littafi Mai Tsarki, ita ce kuma mai duba wa maƙwabta lissafi idan an kai auduga awo, don kada a cuce su.

Da ta gama abin da makarantar ƙauye za ta iya ba ta, sai hanya ta toshe, gama babu kuɗi. Ana nan sai wata Baturiya Kirista mai sana'ar ɗinki, can jihar Colorado mai nisa, ta aiko da wani kaso na abin da take samu domin a karantar da yarinya guda. Malama Wilson ta miƙa sunan Mary. Da wannan baiko ta shiga makarantar 'yan mata ta Scotia a jihar Carolina ta Arewa a 1888. Mu lura, 'yan'uwa: matar da daga baya za ta karɓi kuɗi daga hannun manyan attajirai, kuɗin allura da zare ne ya fara kai ta makaranta. Ba ta taɓa rena ƙaramar kyauta ba har ƙarshen ranta.

Ƙofar da aka rufe

A 1894 ta shiga makarantar Littafi Mai Tsarki ta mai bishara Dwight Moody a birnin Chicago. Burinta ɗaya ne, ta zo Afirka da bishara. Lokacin nan ne 'yan mishan suka fara neman hanyar shiga ƙasashenmu, gama a ƙarshen 1893 ne Rowland Bingham da abokansa 2 suka sauka Legas da nufin isa ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran yankinmu a zamanin. Da Mary ta gama karatu a 1895 ta nemi hukumar mishan ta ikkilisiyarta ta aike ta. Aka amsa mata cewa babu gurbin baƙar fata a aikin mishan na Afirka.

Kada mu ɓoye wannan. 'Yan'uwanta masu bi ne suka rufe mata ƙofa, saboda launin fatarta, zuwa ƙasar kakanninta. Abin ya yi mata zafi ƙwarai. Amma ba ta bar bangaskiya ba, ba ta kuma zauna tana jinyar ɓacin rai ba. Ta juya ta duba gida, ta ga 'ya'yan baƙar fata na kudancin Amurka suna bukatar malami kamar yadda na Afirka suke bukata. Ta koyar a birnin Augusta ƙarƙashin Lucy Laney, wata baƙar fata da ta kafa makarantarta da kanta, a wurinta kuwa ta ga yadda mace take riƙe makaranta. A 1898 ta auri Albertus Bethune, suka haifi ɗa guda, Albert, a 1899. Suka koma jihar Florida, ta riƙe wata makarantar mishan a garin Palatka wajen shekara 5.

Dala 1 da rabi

A zamanin ana shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa a gabashin Florida. Leburori baƙar fata suka yi ta kwarara da iyalansu, 'ya'yansu kuwa babu makarantar kirki. Garin Daytona yana bakin teku, attajiran arewacin Amurka sukan zo can su yi hutun lokacin sanyi. Mary ta ga abu biyu a wuri ɗaya: masu bukata, da masu abin bayarwa. A watan Oktoba na 1904 ta kama hayar wani tsohon gida a kan dala 11 a wata, ta buɗe makarantar 'yan mata da yara 5, ɗanta Albert na 6.

Babu kujera, babu tebur. Ta bi bayan otal-otal da juji tana tsintar akwatunan katako, aka mai da su benci. Gawayi ya zama fensir, ruwan 'ya'yan itatuwan daji ya zama tawada, buhunan masara da aka cusa wa ciyawa suka zama katifa. Ita da iyayen yara suna gasa kek na dankali, suna soya kifi, suna sayar wa leburorin hanyar jirgi. Kafin shekara 2 ɗalibai sun kai wajen 250, gidan haya ya yi kaɗan. Filin da ta iya saye shi ne jujin gari, wurin da mutane suke kira Ramin Jahannama. Da cinikin abincin nan ta haɗa dala 5 ta ba da kafin alƙalami. Maƙwabta suka taya ta share wurin, magina suka yi aiki a bakin kuɗin makarantar 'ya'yansu, a 1907 kuwa aka shiga ginin farko. Ta sa masa suna Zauren Bangaskiya.

A nan ya kamata mu dakata mu duba yadda take neman kuɗi, gama ba bara take yi ba. Da fari dai ba ta je wurin attajiri ba sai da nata mutanen suka ba da abin da suke da shi, wannan kaza, wancan ƙwai, wani kuma ƙarfinsa. Saboda haka in ta tsaya gaban mai kuɗi tana da abin da za ta nuna. Na biyu, ta koya wa 'yan matan waƙa, takan kai su otal-otal su yi waƙoƙin sujada na baƙar fata, bayan waƙa ta tashi ta yi bayani a taƙaice. Na uku, ba ta gamsu da abin da aka jefa a faranti ba. Takan rubuta wasiƙa, ta hau tsohon kekenta ta bi mutum har gida, ta gayyace shi ya zo ya gani da idonsa, tun da gani ya kori ji.

Haka ta yi da James Gamble, na kamfanin sabulun Procter & Gamble. Ta rubuta masa ta roƙe shi ya zama ɗaya daga cikin amintattun makarantarta. Ya zo yana tsammanin zai ga gine-gine, sai ya tarar da mace zaune a bayan akwatin katako. Da ya tambayi inda makarantar take, ta nuna masa cewa tukuna tana cikin zuciyarta, abin da take nema shi ne ya amince da abin da bai riga ya gani ba. Ya yarda, ya kuma daɗe yana shugabantar kwamitin amintattun. Thomas White, mai kamfanin keken ɗinki, shi ma ya zama abokin makarantar, har ya tuna da ita a cikin wasiyyarsa.

Wannan shi ne abu na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi. Wanda ya ba da kuɗi takan jawo shi cikin kwamiti, ya zauna tare da baƙar fata na garin, ya ga abin da ya shigo da abin da ya fita. Dukiyar makaranta tana hannun amintattu, ba a cikin jakarta ba. Mun san Manzo Bulus ya yi irin wannan sa'ad da yake tara gudummawa domin tsarkaka na Urushalima: ya sa ikkilisiyoyi su zaɓi mutanen da za su raka kuɗin, don kada a sami abin zargi. Mutum yakan ba da kyauta sau ɗaya saboda tausayi, amma ba ya ba da ita shekara 20 sai ya ga lissafi.

Akwai haɗari kuwa a cikin wannan hanya, ita ma ta sani. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Turawa masu bayarwa da yawa sun fi son a koya wa 'yan matan baƙar fata girki da wanki da ɗinki kurum, su zama masu aikin gida. Ta koyar da waɗannan da gaske, gama ta ɗauki aikin hannu abin daraja ne. Amma a hankali ta riƙa ƙara ajin gaba, lissafi da kimiyya da horon malamai da na masu jinya. Kowace Lahadi da yamma kuma akan yi taron jama'a a makarantar, Turawa baƙi sukan cika wurin. Dokar jihar ta ce a raba wurin zama, farare dabam, baƙaƙe dabam. A zaurenta ba ta yarda an raba ba. Wanda ya zo, ko shi ne ya ba da kuɗin rufin, sai ya zauna inda ya sami wuri.

Uwar unguwa

Ba ta tsaya a bakin ƙofar makaranta ba. Wata ɗalibarta ta kamu da ciwon ciki mai bukatar fiɗa, asibitin garin kuwa na Turawa ne. Da ƙyar aka karɓi yarinyar, da Mama Bethune ta je dubiya kuma ta tarar an keɓe ta a baranda. Ta dawo ta nemi kuɗi ta sayi wani ɗan gida, a 1911 ta buɗe asibiti da gado 2, ta sa masa sunan iyayenta, McLeod. Ya girma har gado 20, ya yi wa mutane amfani ƙwarai a annobar mura ta 1918. Takan kuma ɗauki ɗalibanta zuwa sansanonin leburori masu tatsar ƙaron itatuwa a dajin da ke kewaye, su yi makarantar Lahadi, su koya wa yara karatu.

A 1920 matan Amurka suka sami 'yancin jefa ƙuri'a. Amma a jihohin kudu an kafa wa baƙar fata shinge biyu, harajin zaɓe da jarrabawar karatu. Ta hau kekenta tana bi gida gida tana tara kuɗin harajin, da dare kuma tana koya wa manya yadda za su ci jarrabawar. 'Yan ƙungiyar Ku Klux Klan, masu rufe fuska da farin ƙyalle suna ta'addanci a kan baƙar fata, suka yi jerin gwano da dare zuwa makarantar don su tsorata ta. Ta fito ta tsaya, 'yan matan suna waƙar sujada, har mutanen suka wuce. Ranar zaɓe ta ja mutanenta wajen 100 zuwa rumfa. Aka bar su a layi har yamma, amma suka jefa ƙuri'unsu.

A 1923 ta yi wani abin da masu kafa aiki ba su cika yi ba. Ta ga makarantar da ke rataye a wuyan mutum ɗaya za ta mutu ranar da ya mutu. Sai ta yarda aka haɗa makarantarta da ta Cookman daga birnin Jacksonville, ƙarƙashin kulawar ikkilisiyar Metodis, aka fara karɓar maza da mata. Haka aka sami kwalejin Bethune-Cookman, ita ce shugaba. Ta saki wani ɓangare na ikonta domin aikin ya rayu bayanta.

Ƙofar fada

Ta hanyar ƙungiyoyin mata ne sunanta ya fita daga Florida. Ta shugabanci ƙungiyar matan baƙar fata ta jihar daga 1917, ta kuma shugabanci ta ƙasa duka daga 1924 zuwa 1928. A 1927 aka gayyace ta cin abinci a gidan iyalin Roosevelt a New York tare da shugabannin mata. Ita kaɗai ce baƙar fata, waɗansu baƙin suna ta kallonta a kaikaice. Sai tsohuwar gidan, Sara Roosevelt, ta kama hannunta ta zaunar da ita kusa da kanta. A ranar ta saba da surukar gidan, Eleanor. Bayan shekara 6 mijin Eleanor, Franklin Roosevelt, ya zama shugaban Amurka.

Lokacin ƙasar tana cikin karayar tattalin arziki da ta fara a 1929. Masana'antu sun rufe, matasa miliyoyi babu aiki babu makaranta, baƙar fata kuwa su ne na farkon kora. A 1935 gwamnati ta kafa Hukumar Matasa ta Ƙasa domin ba matasa ɗan aiki da horon sana'a da taimakon karatu. Aka sa Mama Bethune cikin masu ba da shawara, daga 1936 kuma aka ba ta ofishin da ke kula da al'amuran baƙar fata, ta riƙe shi har aka rufe hukumar a 1943. Ita ce baƙar mace ta farko da ta shugabanci sashe a gwamnatin tarayyar Amurka.

Ta gane tun da wuri cewa dokar da aka rubuta a Washington ba ita ce abin da yake isa ƙauye ba. Kuɗin hukumar yana bi ta hannun daraktocin jihohi, a kudu kuwa sukan mance da baƙar fata wurin rabo. Saboda haka ta yi ta matsawa a naɗa baƙar fata mataimaka a ofisoshin jihohi, waɗanda za su sa ido. Ta kuma samo wani asusu na musamman da ke ƙarƙashin ofishinta, wanda ya taimaki ɗalibai baƙar fata fiye da 4,000 su yi karatu mai zurfi. Ba ta zauna a ofis ba, tana yawo jiha jiha tana duba ko abin da aka rubuta a rahoto yana nan a ƙasa.

Ta tarar da baƙar fata masu ilimi a warwatse cikin ma'aikatu, kowa yana fama shi kaɗai. A 1936 ta fara tara su a gidanta, su daidaita bakinsu kafin su fuskanci gwamnati. Jaridu suka riƙa kiransu majalisar ministocin baƙar fata, ko da yake babu dokar da ta kafa su. Ɗaya daga cikinsu, Robert Weaver, shi ne ya zama baƙar fata na farko da aka naɗa minista a Amurka, a 1966. Tun a watan Disamba na 1935 kuma ta riga ta kafa Majalisar Matan Baƙar Fata ta Ƙasa, wadda ta haɗa ƙungiyoyin mata da yawa wuri ɗaya. Dalilinta a fili yake. Wanda ya shiga fada shi kaɗai roƙo yake yi, amma wanda dubbai suke bayansa dole a saurare shi. Sa'ad da aka buɗe wa mata aikin soja a 1942, ta tsaya sai da aka sa baƙar fata wajen 40 cikin rukunin farko na masu horon hafsa.

Labarinta yakan tuna mana da Nehemiya, wanda yake hidima a fadar sarkin Farisa amma zuciyarsa tana kan rusasshiyar garun Urushalima. Ya nemi takardun izini da katako daga wurin sarki, sa'an nan ya koma gida ya raba wa kowane iyali sashen da za su gina. Abin da ya kai shi gaban sarki shi ne garun, ba kujerar fada ba.

Abin da ta biya

Ba za mu yi wa masu karatu adalci ba in muka nuna kamar kome ya tafi sumul. Aurenta bai jure nauyin aikin ba. Mijinta ya bar Daytona wajen 1907 ya koma Carolina ta Kudu, ya rasu a 1918. Ba su yi kisan aure ba, amma ba su sake zama tare ba.

Kusanta da gwamnati ma ya jawo mata suka. Waɗansu shugabannin baƙar fata sun ga ta cika lallashi, gama ta yarda a yi wa matasan baƙar fata ayyuka a ware da na farare, tun da a ganinta gara rabon da aka ware da a rasa gaba ɗaya. A 1937 ta shirya babban taro a Washington, aka miƙa wa shugaban ƙasa jerin bukatu, har da dokar hana kisan gilla da gungun Turawa suke yi wa baƙar fata. Roosevelt yana girmama ta, amma bai sa ƙarfinsa a kan dokar ba, don yana tsoron 'yan majalisar kudu na jam'iyyarsa. Umarnin da ya sa wa hannu a 1941, na hana wariya a masana'antun kayan yaƙi, sai da shugaban ma'aikata Philip Randolph ya yi barazanar cika Washington da masu zanga-zanga kafin ya fito. Mama Bethune ta goyi bayan Randolph, gama ta san na ciki ba ya isa sai da na waje. Ita ma, tana ma'aikaciyar gwamnati, ta taɓa ɗaukar kwali ta tsaya a ƙofar wani kantin magani a Washington da ya ƙi ɗaukar baƙar fata aiki.

Kwalejin ma ta ji jiki. Shugaba tana Washington yawancin shekara, kuɗi ya yi wuya, ita kuma ciwon fuka ya matsa mata. Taura biyu ba ta taunuwa. A 1942 ta sauka daga shugabancin kwalejin, ko da yake ta sake riƙewa na ɗan lokaci daga 1946 zuwa 1947. A zamanin farautar 'yan kwaminis kuma aka shafa mata baƙin fenti, har a 1952 aka hana ta jawabi a zauren wata makaranta a jihar New Jersey, kafin daga baya a janye hanin.

Shekarun ƙarshe

Wahalar da ta sha wajen neman kuɗi ta koya mata cewa bai kamata kowace makaranta ta riƙa bin attajirai iri ɗaya ita kaɗai ba. A 1944 ta haɗa kai da Frederick Patterson, shugaban makarantar Tuskegee, aka kafa asusun haɗin gwiwa na kolejojin baƙar fata. Kolejoji 27 suka yarda su nemi taimako da murya ɗaya su raba abin da aka samu. Asusun yana aiki har yau. A 1945 tana cikin masu ba wakilan Amurka shawara a taron San Francisco inda aka kafa Majalisar Ɗinkin Duniya. A shekarar ne Roosevelt ya rasu, Eleanor ta aiko mata da ɗaya daga cikin sandunansa na dogarawa, ta riƙa tafiya da ita.

Duk da haka idonta bai bar gida ba. A Daytona, garin da ke bakin teku, an hana baƙar fata shiga gaɓar da farare suke wanka. Sai ta haɗa waɗansu masu hali suka sayi fili a bakin teku kudu da garin, domin iyalan baƙar fata su sami wurin shan iska. Har yanzu ana kiran wurin da sunanta.

A watan Janairu na 1952 shugaba Truman ya sa ta cikin wakilan Amurka zuwa bikin rantsar da shugaba William Tubman na Laberiya. Tana da shekara 76 ta taka ƙasar Afirka, shekara 57 bayan an ce mata babu gurbinta. Ƙasar Laberiya ta ba ta lambar girma. Ta rayu har ta ga kotun ƙolin Amurka ta haramta wariya a makarantun gwamnati a watan Mayu na 1954. Ran 18 ga Mayu, 1955, ta rasu a gidanta sanadin ciwon zuciya, aka binne ta a harabar makarantar, a filin nan da dā juji ne. Makarantar ta zama jami'a a 2007. A 2022 jihar Florida ta kafa mutum-mutuminta a ginin majalisar dokokin Amurka, a gurbin na wani janar da ya yi yaƙi a ɓangaren masu riƙe bayi.

Abin da za mu ɗauka

'Yan'uwa, mun saba ganin mai iya neman kuɗi wanda ba ya son a tambaye shi lissafi. Mun saba ganin wanda jama'a suka aika wurin hukuma, da ya ɗanɗana kujera sai hanyar gida ta ɓace masa. Akwai kuma mai aminci a unguwa wanda yake ganin zuwa wurin attajiri ko ofishin gwamnati ƙazanta ce, aikinsa kuwa ya tsaya inda ya fara. Mama Bethune ta riƙe ukun nan tare, abin da ya hana su lalata ta kuwa shi ne ta san wanda take yi dominsa. Attajiri ya ba ta domin ya ga yaran da idonsa. Shugaban ƙasa ya saurare ta domin ya san akwai jama'a a bayanta. Jama'a kuma suka tsaya mata domin ko ta je ina, tana dawowa.

Saboda haka in an zaɓe ka cikin kwamitin gini, ko an ba ki ajiyar kuɗin zumuntar mata, ko an aiki dattawa su kai kukan ikkilisiya gaban hukuma, a tuna da tsarinta. Mu fara da abin da ke hannunmu kafin mu miƙa hannu. Mu buɗe littafin lissafi tun ba a tambaya ba. Mu tafi da murya ɗaya. Kada kuma mu karɓi kyautar da za ta sa mu raba wurin zama a cikin gidan Allah. Ubangiji ya ba mu masu hidima irinta, ya kuma sa kada mu zama masu rufe wa wani ƙofar da shi ya buɗe. Amin.